Ƙullin Roba a Keken Dada

Tun da aka haifi Dada, Zubair bai taɓa ɗaukarta a gaban idon mutum ba. 'Yar fari ce. A gidan da ya tashi, gidan Malam Bakari na Kolere, mutum ba ya ɗaukar ɗan farinsa, ba ya kiran sunansa, in ana hira aka ambato shi sai ya kau da kai kamar zancen ɗan maƙwabta ake yi. Shi kansa Zubair ɗan fari ne. Har ya yi gemu bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifinsa ba, iyakarta "kai", ko kuwa "ku gaya wa wancan". Bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba. Kunya ce, kuma da ita ake gane ɗan mutunci.

Ga ƙari kuma, yarinyar sunan mahaifiyarsa marigayiya ta ci, Nafisatu. Shi ya sa ake ce mata Dada, wato uwa da Fulatanci. Tun da tsohuwar ta rasu ba wanda ya sake furta sunan nan a gidan Malam Bakari.

A ɗakinsu na haya a Lamorde, in matarsa Juwairiya ta shiga wanka, Zubair kan matso bakin gado ya sa yatsa a tafin ƙafar yarinyar. Wani lokaci ya ɗaga ta ya ji nauyinta. Da ya ji ƙarar bokiti sai ya ajiye ta, ya jawo wayarsa ya hau dannawa. Ko a gaban Juwairiya bai iya ba.

Shagonsa na maganin dabbobi yana kan hanyar kasuwar shanu. Jikinsa akwai shagon Tizhe, mutumin Michika, mai sayar da irin shuka da maganin feshi. Tizhe kan zo da 'yarsa Salome a wuyansa, tana riƙe da kunnuwansa kamar kan mashin, yana tafe yana gaisawa da jama'a ba ruwansa. Zubair kan bi su da kallo har su shige.

Wata rana Tizhe ya ce, "Ɗan Fulani, kai naka yarinya fa? Ko sai ta yi aure za mu gan ta?"

"Tana wurin uwarta."

"Nawa ma yana da uwa ai. Ku dai kun iya wahala. Ɗan maraƙi za ka rungume shi ka ba shi magani a baki, amma naka na cikinka ka tsaya kana kallon silin."

Zubair ya yi murmushi kawai.

A wayarsa ya ga keken. Wata mata mai suna Anita ce ke sa hotunan kayan jarirai, wani abokin ciniki ya taɓa tura masa lambarta. Keken tura jariri ne mai ruwan toka, da rumfa, kuma jaririn yana fuskantar mai turawa. Wannan ne ya tsaya masa a rai. Ya daɗe yana kallon hoton. Tura keke ai ba ɗauka ba ce. Ba wanda zai ce ya ga ɗan Malam Bakari rungume da 'yar farinsa. Ga hujja ma a hannu: tun da aka yi wa Juwairiya aiki wajen haihuwa, goyo yana tayar mata da ciwon baya.

Ya biya, aka sa masa kayan a motar Yola, ya je tasha ya karɓo kwalin. Bai kai gida ba, a shago ya buɗe. Tizhe ya taya shi ɗaura tayoyin. Keken ya tsaya cas, har ya fi hoton kyau. Sai dai akwai wata 'yar sakata ta roba a gefe, wadda ke riƙe shi in an buɗe don kada ya naɗe, ita ce ba ta shiga da kyau. Tizhe ya ɗauko ƙaramin buhun gishirin lasa ya kwantar a ciki, ya tura. Taya na cin karo da dokin ƙofa keken ya rufe bakinsa ruf, buhun ya matse a tsakiya.

Tizhe ya ce, "Tarko ka saya, Oga Zubair. Mayar mata da kayanta."

Zubair ya rubuta mata. Ta amsa da saƙon murya, ana jin hayaniyar titi a bayanta.

"Oga, ina wuni. Ka yi haƙuri fa. Ni ma ban gan shi da idona ba, daga Legas suke turowa, ni hoto kawai nake sawa. Ka yi mini bidiyo in tura musu."

Suka yi bidiyon. Tizhe yana turawa, Zubair yana ɗauka, buhun gishiri yana shan matsa. Sai da suka maimaita saboda dariyar Tizhe ta cika na farkon.

Sai da aka kwana biyu sannan ta dawo. "Oga, sun ce kai ne ba ka iya buɗe shi ba. Sun ce ka ja shi da ƙarfi har ya yi ƙas."

"Madam, na ja. Ba ya yin ƙas ɗin."

"To ni ban sani ba. Kowa da ya saya yana jin daɗinsa, kai kaɗai ne. Kuma kaya in ya fita ba ya dawowa, yana rubuce a shafina." Can kuma wani saƙon ya biyo baya: "Oga, in ka sa bebi a ciki ka turo mini hoto in sa a status, Allah ya raya."

Daga nan duk abin da ya rubuta sai ya ga alamar an karanta, ba amsa. Ya kira, aka katse. Tizhe ya ce ya sa hotonta a duk zaurukan waya da yake ciki ya tona mata asiri. Zubair ya girgiza kai. In ya yi haka ai kansa ya tona wa. Duk kasuwar shanu za ta ji cewa ɗan Malam Bakari, wanda ko akuya ba ya saye sai ya buɗe bakinta ya ga haƙora, ya sayi abu a hoto wurin matar da bai taɓa gani ba. Kuma sai an tambayi abin da ya saya, da dalilin da ya sa ya saya.

Da Tizhe ya tafi cin abinci, Zubair ya yanko roba daga tsohon tub na keke. Ya naɗe sakatar da ƙarfen jikinta, ya ja ya ƙulle da irin ƙullin da ake ɗaure ɗan maraƙi a turke, wanda ya koya tun yana bin mahaifinsa kiwo. Ya sa buhun, ya tura kan dokin ƙofa. Keken bai rufe ba. Ya sake, bai rufe ba. Ya rataya ɗan tawul a gefen ya rufe wurin.

Juwairiya ta yi murna ƙwarai. Ta shimfiɗa zani mai laushi a ciki, ta kwantar da Dada, yarinyar ta zuba wa rumfar ido.

Ta ce, "Malam, ashe kana lura da bayan nan nawa. Wannan tawul ɗin fa?"

"Bar shi nan. Na share mata baki ne."

Bayan la'asar sai ya riƙa rufe shago da wuri. Ya ce ana so jariri ya riƙa shan iska. Yana turawa a hankali ta layinsu har bakin titi, yara suna bin su suna cewa ga motar bebi. Matan unguwa na dariya ta bayan katanga. Bai damu ba, hannuwansa a kan ƙarfe suke, kowa ya shaida. Idonsa kuwa yana kan fuskarta. A nan ya gane tana da ɗan tabo a ƙasan kunnen hagu irin nasa, kuma in inuwar bishiya ta gifta ta kanta sai ta zabura ta yi dariya. Bai taɓa samun damar kallonta haka a tsanake ba.

Robar kuwa tana saki. Kowace safiya, kafin Juwairiya ta fito daga madafa, sai ya tsuguna ya ƙara ja, ya mayar da tawul. Kullum yana cewa a ransa gobe zai kai a duba, kullum kuma sai ya tuna mai gyaran zai tambaye shi inda ya samo.

Ranar Juma'a Malam Bakari ya aiko a kawo masa amaryarsa ya gani, haka yake kiran jikar. Damina ta yi nisa, hanyar Kolere ta farfashe. Mai Keke Napep ya sauke su tun daga nesa, ya ce ba zai sa motarsa a wannan taɓon ba ko an ninka masa. Zubair ya sauko da keken daga baya, ya buɗe. A gaban mai Napep da Juwairiya ba halin ya tsuguna ya duba robar. Ya ɗan taɓa ta ta ƙarƙashin tawul, ya ji kamar tana nan.

Juwairiya ta ce, "Ko in goya ta? Hanyar nan ba ta keke ba ce."

"Bayanki fa? Ai mun kusa."

So yake mahaifinsa ya gani. Ya ga yadda ya samo dabarar da ba ta taɓa kunya ba.

Dattawa suna zaune a tabarma ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Malam Bakari yana tsakiya, dogo, siriri, da sandarsa a kan cinya. Kusa da shi Alhaji Mahmoud ne, Babarbare, abokinsa tun suna samari, wanda bai taɓa ganin Bafulatani ya ƙyale shi ba. Shi ya fara hango su.

Ya ɗaga murya ya ce, "Bakari, duba! Bayinmu sun ci gaba. Da a kan jaki kuke ɗora su cikin ƙwarya, yau ga mota."

Aka yi dariya. Zubair ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ci gaba da turowa. Tsakaninsu da tabarmar akwai ɗan gangare inda ruwa ya ci ƙasa ya bar duwatsu a waje. Ya rage sauri. Tayar gaba ta faɗa rami, ya ɗan danna hannun keken don ya ɗaga ta.

Robar ta tsinke da ƙara kamar an yi bulala. Keken ya rufe, ya kife gefe cikin taɓo.

Ba kuka. Wannan shirun ne ya fitar da Zubair daga hayyacinsa.

"Nafisatu!"

Bai san ya durƙusa ba. Ya sa hannu biyu ya ɓare ƙarafan, ya zaro ta cikin zanin, ya manna ta a ƙirjinsa. "Nafisatu, Nafisatu, kalle ni. 'Yata, kalle ni." Yana shafa kanta, yana hura mata fuska, yana sumbatar goshinta. Sai ta ja numfashi ta tsala ihu, ihun da duk layin ya ji. Ya ƙara ƙanƙame ta, hawaye na zuba cikin gemunsa.

Juwairiya ta iso tana salati. Ta duba hannuwa, ta duba ƙafafu, ta buɗe riga. 'Yar ƙujewa ce kawai a gwiwar hannu. Katifar keken ce ta tare.

Sai a lokacin Zubair ya ji shirun da ke bayansa. Ya tuna inda yake. Ya tuna sunan da ya kira, da ƙarfi, ba sau ɗaya ba, a ƙofar gidan nan. Dattawan duk sun kau da kai, wani yana kallon reshen darbejiya, wani yana gyara takalminsa da ba abin da ya same shi. Alhaji Mahmoud ma bakinsa a rufe. Mata sun leƙo daga zaure. Ga shi durƙushe a taɓo da farar shaddarsa, rungume da 'yar farinsa, fuska jiƙe. Da ƙasa za ta tsage da ya gode mata.

Ya miƙa wa Juwairiya yarinyar da sauri kamar ta ƙona shi. Ƙanwar mahaifinsa, Goggo Adi, ta fito ta ja su ciki. Shi kuwa ya rasa inda zai sa kansa. Ya ƙarasa gefen tabarma ya tsuguna.

"Baba, ina wuni."

Malam Bakari ya ɗauki sandarsa. Ya miƙe, ya taka zuwa inda keken yake, ya sa sanda ya juya shi. Tawul ɗin ya faɗi. Guntun robar yana nan maƙale da ƙarfe, ƙullin bai kwance ba. Tsohon ya sunkuya ya daɗe yana dubansa, ya taɓa shi da ɗan yatsa. Ƙullinsa ne. Shi ya koya wa yaron a bakin rafi, da igiyar rama.

Ba tare da ya juyo ba ya ce, "Kai. Haka aka sayar maka da shi, da wannan?"

"A'a, Baba."

"Wa ya ɗaure?"

Zubair ya ce, "Ni ne."

"Yau?"

"Tun da ya zo."

Juwairiya tana bakin zaure da yarinyar a kafaɗa, ta dawo ɗaukar zanin da ya faɗi. Ta ji. Kallonsa kawai ta yi, sannan ta kalli tawul ɗin da ke cikin taɓo, ta juya ta koma ciki. Zubair ya gane kunyar ɗazu wasa ce.

Malam Bakari ya dawo ya zauna. Ya daɗe yana jan carbi. Alhaji Mahmoud ya yi gyaran murya, ya ce a hankali, "Allah ya tsare. Yaro ne, Bakari."

"Yaro ne," in ji tsohon.

Aka kawo fura, Zubair ya kasa sha. Aka yi zancen ruwan bana, da tsadar taki, da wata saniya da ta ƙi cin abinci. Ba wanda ya sako shi a hirar, ba kuma wanda ya kore shi. Taɓon gwiwarsa ya bushe ya fara farfashewa. Daga cikin gida yana jiyo muryar Goggo Adi tana rarrashi, kukan yana raguwa har ya ɗauke.

Da rana ta yi sanyi Juwairiya ta fito yin sallama. Ta durƙusa ta miƙa wa tsohon jikarsa. Ya karɓe ta, fuskarsa ta saki.

Ya ce, "Amarya, haka ake zuwa gidan miji, da faɗuwa a ƙofa? Ko ganina kika yi kika tsorata?" Ya duba gwiwar hannun, ya tofa mata addu'a, ya mayar wa uwar.

Juwairiya ta ciro majanyi za ta goya. Tana sunkuyawa ta cije leɓe, ta dafa ƙugu. Durƙuson da ta yi da gudu ɗazu ya tayar da ciwon. Zubair ya gani. Ya miƙe ya nufi keken, don bai san abin da zai yi da hannuwansa ba.

Malam Bakari ya ce, "Bar wannan nan. Adi za ta riƙa ɗebo harawa da shi."

Zubair ya tsaya.

Tsohon ya dubi sama kamar mai duba hadari. "Titi da nisa. Ita kuma bayanta ba lafiya. Adi ba ta iya doguwar tafiya." Ya dogara sanda ya miƙe. "Ni zan shiga in yi alwala. Mahmoud, taso ka ga saniyar nan da nake gaya maka."

Alhaji Mahmoud ya buɗe baki, da alama wata tsokanar ce ta zo masa, sai ya haɗiye ta. Ya ce, "Mu je in gani, ko da yake me Bafulatani ya sani game da saniya." Sauran dattawan ma kowa ya tuno abin da ya bari a gida. Kafin a jima tabarmar ta zama ba kowa. Malam Bakari ya shige zaure bai waiwayo ba.

Suka rage su uku a ƙofar gida. Juwairiya tana riƙe da yarinyar, ba ta dube shi ba.

Ta ce, "Kullum da safe ina ganinka tsugune a jikinsa. Na ɗauka goge shi kake yi."

"Na ji kunyar in gaya miki."

"Kunya." Ta maimaita kalmar kamar tana ɗanɗana ta. Sannan ta ce, "Miƙo hannunka."

Ya miƙa duka biyun, a sandare, kamar mai karɓar tire.

"Ba haka ba. Lanƙwasa wannan. Kanta a nan. Ɗaya hannun a ƙasa." Ta gyara masa gwiwar hannu da ɗan ƙarfi fiye da yadda ake bukata. "In ka yar da ita wannan karon, ba robar da za ka ce."

Suka kama hanya. Layin cike yake da masu dawowa daga gona, da matan da ke tsaye a ƙofofi, waɗanda suka san shi tun yana yawo ba wando. Wata tsohuwa ta riƙe haɓa. Wani da suka yi makarantar allo tare ya tsayar da kekensa ya bi shi da ido. Kunnuwan Zubair suka yi zafi. Ya rasa inda zai kalla, don haka ya kalli ƙasa, a nan kuwa fuskar yarinyar take. Ta yi barci, bakinta a buɗe, hannunta ɗaya ya damƙe wuyan rigarsa mai taɓo.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Juwairiya ta zaro ta duba.

"Wata Anita ce. Wai tana jiran hoton bebi."

"Mayar da ita aljihun," in ji shi. Ya gyara riƙon, ya tsallake ramin da ke gabansa a hankali.